Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Jami'a kan satar amsa a tsangayar injiniya

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Maganar ba baƙuwa ba ce a wurinka. Kai da bakinka ka faɗa wa malamai cewa duk ɗalibin injiniya zai tsaya ya kare aikinsa da baki kafin a ba shi maki. Zango ya wuce, wani ya shigo, shiru kake ji. Abin da muka gani kawai shi ne ƙarin masu sa ido a zauren jarrabawa da caje aljihu a bakin ƙofa.

Ai ba a zaure ɓarnar ta fi yawa ba, a ɗakin gwaje-gwaje take. Za a gwada ƙarfin kankare, rahotanni su dawo da lambobi iri ɗaya, har kuskuren ɗigo a wuri guda. Wani ma na 'yan bara ya kwafo, kwanan wata kawai ya canza. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuwa, jingar lissafi ta zama aikin 'yan mintoci. Yaro ya kawo maka zane tsaf, ka tambaye shi dalilin zaɓen wannan kaurin rodi, sai ya sunkuyar da kai.

Shi ne fa gobe zai sa hannu a kan gada. A 1907 gadar Quebec ta Kanada ta rufta ana tsakiyar gininta, ma'aikata 75 suka mutu, domin an ƙara mata tsawo ba a sake lissafin nauyinta yadda ya kamata ba. Waɗancan ƙwararru ne suka yi sakaci. To ina ga wanda bai taɓa yin lissafin da hannunsa ba?

Malamai sun san maganin. A ba kowane ɗalibi nasa lambobin bisa lambar rajistarsa, malami ya sa hannu a kan sakamakon gwaji kafin a bar ɗakin, a daina maimaita tambayoyin shekarun baya. Sannan waccan tambayar baki da ka yi alkawari, ko ta minti goma ce. Sai dai malami guda mai ɗaruruwan ɗalibai ba zai iya ba, kuma ɗaukar mataimaka a hannunka yake.

Don Allah, ranka ya daɗe, ka fitar da umarnin a rubuce kafin jarrabawar wannan zangon, ka haɗa da mataimakan da za su zauna su saurari ɗaliban.

Naka,
Wani malami a tsangayar