Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Jirgin Ƙasa na Maleshiya

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin KTM,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ni matar wani ɗalibi ce ɗan Najeriya da ya kammala digirinsa na uku a Serdang, kusa da Kuala Lumpur. Kafin mu tattara mu koma gida Zariya, maigidana ya ce bai kamata mu yi zaman shekaru a ƙasar mutane ba mu san ko'ina ba sai hanyar makaranta da kasuwar unguwa. Kuɗi kuwa karatu ya lashe su. Sai muka bar akwatuna a ɗaure, kowa ya goya jakarsa a baya, muka nausa arewa: Ipoh, Taiping, har tsibirin Penang. Kusan duk tafiyar a jiragenku muka yi ta, kuma abin da muka gani a hannun ma'aikatanku ne ya sa na zauna rubuta wannan takarda. Da Hausa na rubuta don 'yan uwanmu da ke karatu a nan da masu shirin zuwa su ji, maigida kuma zai juya muku ita.

Duk ɗan Najeriyar da ya zauna a ƙasashen nan ya san wani irin kallo da akan yi mana idan an ga baƙar fata, balle a ga koren fasfo. Mun sha shi a wajen neman gidan haya, mun sha shi a wasu kantuna. To ga mu kuma da jakar goyo da silifas, ba mu yi kama da masu kashe kuɗi ba. Amma tun daga KL Sentral, babbar tashar Kuala Lumpur, har muka dawo, babu ma'aikacinku ko ɗaya da ya yi mana wannan kallon. Yadda aka amsa wa na gabanmu a layi haka aka amsa mana. Wannan shi ne kan godiyata, sauran duk a bayansa suke.

Jirgin ETS, mai sauri na tsakanin garuruwa, muka hau zuwa Ipoh, tafiyar kamar awa biyu da rabi. Kowa da lambar kujerarsa a tikiti, ba turereniya, kuma lokacin da aka rubuta a allo shi ne lokacin da jirgi ya ɗaga. Maigida, da yake injiniya ne, bai bar ni na huta ba. Wai faɗin layin dogonku mita 1 ne cif, bai ma kai na tsohon layin da ya iso Kano a 1911 ba, amma kun mayar da shi layi biyu, kun sa masa lantarki, jirgi na gudun kilomita 140 a awa a kansa. Tun 2010 aka fara wannan jirgi tsakanin Kuala Lumpur da Ipoh, a 2015 ya zarce har Butterworth da Padang Besar a kan iyakar Tailan. Na ce, “Malam, ka bar ni in kalli hanya.” Hanyar kuwa gonakin kwakwar manja ne iya ganinka. A gida ana yawan cewa wai a shekarun 1960 mutanenku suka zo suka ɗebi iri a wajenmu. Asalin bishiyar na Afirka ta Yamma ne, wannan babu musu, amma tun 1917 ake nomanta don kasuwa a nan ƙasar.

Abin da ya fi kama zuciyata a cikin jirgin shi ne ɗan ɗakin salla. Da azahar ta yi, na tambayi wani matashi mai duba tikiti ko za mu tsaya a wata tasha a yi salla. Ya yi murmushi ya ce in biyo shi. Muka ratsa taragai har wata 'yar ƙofa, ya nuna mini wajen alwala, ya ja baya ya ba ni wuri. Ɗakin ƙarami ne ƙwarai, jirgi yana lilo da mutum kaɗan-kaɗan, sai ka dafa bango in za ka miƙe daga sujada. Amma tsaf yake, ba jiƙa a ƙasa, ba wari. Matafiyi yana da sauƙin kasaru da haɗa salloli, na sani, sai dai macen da ta taɓa yin doguwar tafiya a mota tana roƙon direba ya tsaya ita ce za ta san darajar wannan ɗaki. Haka a tashoshinku, ɓangaren mata daban, ga fararen hijabai na salla a rataye don duk wadda ta zo ba shiri. Taragon mata zalla da kuka ware a jiragen Komuter na gajeren zango tun 2010 kuwa, na daɗe ina cin moriyarsa daga Serdang zuwa cikin gari, ban taɓa samun wanda zan gode wa ba sai yau.

Tashar Ipoh kanta abin kallo ce: farin gini mai ƙubba da dogayen baranda, an buɗe shi a 1917. Baturen da ya zana shi, Hubback, shi ne ya zana tsohuwar tashar Kuala Lumpur da Masallacin Jamek. Kuza ce ta gina Ipoh kamar yadda ta gina Jos, kuma Turawan Ingila ne suka ja layin dogo zuwa duka biyun don su kwashe ta. Tsohon garin yawanci na Sinawa ne, don haka sai Musulmi ya duba kafin ya ci. Wani dattijo mai gadi a bakin tashar ya ga muna waige-waige, ya tambaye mu ko abinci muke nema. Ya kwatanta mana layin da za mu samu na halal, ya ce mu riƙa duba tambarin hukuma a jikin ƙofa. A can muka sha farin kofin da garin ya yi suna da shi.

Taiping ce ta gwada mu. Garin ya shahara da ruwan sama, an ce babu inda ya kai shi a duk yankin, kuma bai ba mu kunya ba. Muna cikin lambun tafki, wanda tsohon ramin kuza ne aka mayar da shi wajen shaƙatawa tun 1880, sai sama ta ɓalle. Kafin mu kai tasha mun jiƙe sharkaf, har kayan cikin jaka. Ga shi ƙarshen mako, kujerun ETS zuwa Butterworth duk an saye, sai na can dare. Ina tsaye ina rawar ɗari, maigida yana lissafin kuɗin kwana a otal, wanda ba ya cikin tsarinmu.

Matar da ke tagar sayar da tikiti, mai matsakaicin shekaru da tabarau, ba ta ce “babu” ta juya ba. Ta ɗauko 'yar takarda ta rubuta mana lokacin jirgin Komuter na arewa, ta ce shi ba ya buƙatar kama kujera, yana tsayawa a kowace tasha, amma zai kai mu Butterworth kafin magariba, kuma kuɗinsa bai kai rabin na wancan ba. Da ta sayar mana da tikitin dare mai tsada, da mun biya muna godiya, don ba mu san da wani ba. Sannan ta leƙo ta dube ni sama da ƙasa, ta kira wata mai shara ta yi mata magana da yarensu. Baiwar Allah nan ta karɓi jakata, ta kai ni ɓangaren mata, ta kawo mini leda in zuba jiƙaƙƙun kaya, ta tsaya a bakin ƙofa har na sauya. Na miƙa mata ɗan abin da ke hannuna ta ƙi karɓa, ta dafa ƙirji tana girgiza kai. Ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, shi ya sa nake roƙon shugaban tashar Taiping ya isar musu da wannan saƙo.

Daga wannan gari ne layin dogo na farko a ƙasarku ya tashi a 1885, zuwa tashar ruwa ta Port Weld da yanzu ake kira Kuala Sepetang. Bayan mun bar shi kaɗan, jirgin ya hau wata doguwar gada a kan tafkin Bukit Merah, ruwa dama ruwa hagu, har yaran da ke taragon suka ruga bakin taga. Ni ma na bi su.

A Butterworth, daga tasha sai hanya mai rufi har bakin jirgin fito. Na san jirgin fiton ba naku ba ne, amma wani ma'aikacinku ne ya raka mu har inda alamun suka fara, don kada mu ɓace cikin ginin tashar motoci. Mun tsallaka George Town da ke tsibirin Penang, mun yi salla a Masallacin Kapitan Keling da 'yan kasuwa Musulmi daga Indiya suka kafa tun farkon ƙarni na 19, mun ci shinkafar nasi kandar da miya kala-kala a faranti ɗaya, mun yi yawo a tsofaffin layukan da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Dawowa kuwa tun da wuri muka kama kujera ta waya, kamar yadda matar Taiping ta ba mu shawara, cikin kimanin awa huɗu muna KL Sentral.

Ga mai duba tikiti, da dattijon Ipoh, da matan nan biyu na Taiping, da direbobin da ba mu ga fuskarsu ba: Allah Ya saka muku da alheri, Ya tsare ku a bakin aikinku, Ya albarkaci iyalanku. Maigidana yana gaishe ku da kyau.

Wassalam.

Taku,
Wata baƙuwarku daga Zariya, Najeriya