Takardar Koke Kan Kare Dausayi da Halittun Cikinsa

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu masu gonaki a bakin dausayi, tare da masunta da makiyaya da malaman makaranta, mun kawo kukanmu gaban Mai Martaba. Dausayi yana ƙarewa a idonmu. Ana cike shi da ƙasa a yi gini, ana ƙone ciyawarsa a daidai lokacin da agwagin ruwa ke kwance kan ƙwai, wasu kuma suna zuba guba don kamun kifi. Gubar nan ba ta zaɓe: tana kashe manyan kifi da 'ya'yansu da kwaɗi, tsuntsun da ya ci mataccen kifin shi ma ya bi su. Tsuntsayen da ke tasowa daga Turai lokacin sanyi sai su iso su tarar babu wurin sauka.

Ranka ya daɗe, akasarin masu yin haka ba mugunta ce ke sa su ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu cewa dausayi ne ke shanye ruwan ambaliya, ya riƙa sakinsa a hankali har rijiyoyi su samu. Mai filin da ya cike nasa ɓangaren, ruwan da ya kora gonar maƙwabcinsa zai nufa. Kuma abin ba a nan kaɗai yake ba. Tun 1971 ƙasashe suka ƙulla Yarjejeniyar Ramsar a Iran don kare irin waɗannan wurare, amma rahoton da aka fitar ƙarƙashinta a 2018 ya nuna duniya ta rasa kusan kashi 35 cikin ɗari na dausayinta tsakanin 1970 da 2015.

Don haka muna roƙon Mai Martaba ya nemo mana malaman gona da jami'an muhalli su riƙa zama da masu filaye a bakin ruwan, ba a ofis ba. A samar da ƙananan littattafai masu hotunan tsuntsaye da kifaye cikin harshen da jama'a ke ji, da shirin rediyo saboda waɗanda ba sa karatu. Ɗalibai kuma a kai su gani da ido duk ranar 2 ga Fabrairu, Ranar Dausayi ta Duniya. Sannan muna roƙon a umarci hakimai da dagatai su hana zuba guba da cike dausayi ba tare da izini ba.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne masu biyayya,
Masu gonaki da mazauna bakin dausayi