A Daina Jan Ƙafa Wajen Yi Wa Gida Ƙima

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi kuka kan wani abu da ke cin ƙananan ma'aikata a ɓoye, wato daɗewar da ake yi wajen yi wa gida ƙima kafin banki ya ba mutum lamunin saye.

Ni malamin sakandare ne. Tun da na kama aiki ake yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashina ana zubawa a Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, bisa alkawarin cewa ranar da na tashi mallakar muhalli za a ba ni bashi da ruwan kashi 6 cikin 100, in biya cikin shekara har 30. Maganar ruwan nan ta malaman addini ce, ba ita ta kawo ni yau ba.

A ƙarshen 2023 Allah ya haɗa ni da wani gida mai ɗaki uku a bayan gari. Muka daidaita da mai shi, na ba da kafin alƙalami. Bankin da na bi ta hannunsa ya ce sai an kawo rahoton ƙima daga ƙwararre mai rajista. Ban yi musu ba, domin tun 1975 doka ta kafa hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, kuma wanda zai karɓi gida jingina dole ya san nawa gidan zai yi. Mai ƙimar ya zo ranar wata Asabar da yaronsa, suka ja tef, suka leƙa rufi, suka ɗauki hotuna, kafin azahar sun tafi. Aikin da bai cika awa biyu ba, rahotonsa sai da ya ci wata uku.

A cikin watannin nan ne buhun siminti da muka sani a naira dubu biyar da 'yan kai ya haura dubu goma a Fabrairun 2024. Rodi da kwano suka bi sahu. Mai gidan ya kira ni, ya ce Malam, kuɗin da muka yi a da ko rabin ginin nan ba zai tayar ba yanzu. Ya mayar min da kafin alƙalamina cikin mutunci. Ban ga laifinsa ba. Rahoton ya iso bayan gidan ya zama na wani.

Da haushi na koma wurin mai ƙimar, amma bayanin da ya yi min ya sa na sassauta. Ya ce awo ba shi ne aikin ba. Ana gane kuɗin gida ne ta hanyar kwatanta shi da makamantansa da aka sayar kwanan nan a unguwar, kuma a nan gizo ke saƙar. Wa zai faɗa maka gaskiyar yadda ya sayi gidansa? Dillali yana ɓoye farashi saboda la'adarsa. Mai saye yana ɓoyewa saboda dangi da tsoron baki. Mafi yawan gidajen cikin gari kuwa ba su da komai sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, tana naɗe a ƙarƙashin katifa. Waɗanda suka je yin rajista ma, da yawa farashi biyu suke yi, na gaskiya a baki, na ƙarya a takarda, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna za a sayar ko a jinginar da fili mai shaidar mallaka, kuɗin da ake biya a kan hakan kuma yana tashi ne gwargwadon darajar kadarar. Shi ke nan sai mai ƙima ya koma yawon bin dillalai a rumfunan shayi yana tsintar labari kamar mai neman aure.

Saboda haka kirana na farko ga gwamnatocin jihohi ne. Abuja tana da AGIS, Kaduna tana da KADGIS, Kano tana da KANGIS, duk hukumomi ne da suka zuba bayanan filaye a kwamfuta. Me zai hana a buɗe wa masu ƙima kundin farashin da aka yi ciniki, unguwa-unguwa, ba tare da sunan kowa ba? A Ingila hukumar rajistar filaye tana wallafa farashin gidajen da aka sayar tun daga 1995, kowa na iya dubawa a intanet kyauta. Sai dai kundin ba zai yi amfani ba in ƙarya ce a cikinsa, don haka sai an rage kuɗin rajista yadda faɗin gaskiya ba zai zama asara ba.

Bankuna kuma su sa wa'adi a rubuce. A ganina mako biyu ya isa ga gidan zama na talaka. In mai ƙima ya wuce haka babu dalili, a ba wani aikin, kada a sake cajin mai neman bashi. Ƙungiyar masu wannan sana'a ma ta duba yadda manyan ofisoshinsu suka taru a Legas da Abuja da manyan birane, alhali mutumin ƙaramar hukuma sai ya biya kuɗin mota da na masauki kafin a zo a ga gidansa.

Mu ma masu saye muna da namu sakacin. Sati biyu daga cikin wata ukun nan ni na jawo su, domin sai da aka tambaya na fara neman zanen safiyo da amincewar gini da rasiɗin harajin fili. Haka abin yake a rabon gado, inda magada kan zauna jiran ƙima har gida ya fara zuba, zumunci ma ya fara tsagewa.

Har yanzu a gidan haya nake. Na sake ganin wani gidan, wannan karon duk takardun na haɗa su a jaka guda, amma na ƙi ba da kafin alƙalami sai banki ya rubuta min ranar da rahoton zai fito.

Wassalam,
Wani malamin sakandare, mai karanta jaridarku kullum.