A Cire Kututturan Da Ke Tafkin Kainji

Edita, ka ba ni fili in yi kira ga hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta Najeriya, wato NIWA, a madadin masunta da matuƙa kwalekwale na yankin Yawuri da Ngaski.

Tun da aka datse kogin Kwara a 1968, itatuwan da ruwa ya shanye suna nan tsaye a ƙasa. Da ruwa ya ja baya sai kututture ya taso dab da sama. Jirgin katako maƙare da buhuna da 'yan kasuwa ya ci karo da shi, nan take gindinsa ya tsage. Masunta kuwa kullum cikin ɗinkin raga suke, ga tsadar zare.

Rabon rigunan kariya daga nutsewa abu ne mai kyau, amma bai wadatar ba. Sarkawa sun san wuraren nan ɗaya bayan ɗaya. Don Allah a ɗauke su aiki, a kafa alamomi, a sare na sarewa kafin damina.

Naka,
Wani mai karatu daga Yawuri