Tsallen shafi ba laifin sabis ba ne

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu taɓo wani abu da masu karanta labaran Hausa a intanet suka daɗe suna kuka da shi. Mutum ya buɗe labari, ya fara karatu, sai rubutun ya zame ƙasa. Ya kai yatsa zai taɓa wani kanu, kafin yatsan ya sauka talla ta mamaye wurin, ya tsinci kansa inda bai nufa ba, datarsa ta tafi a banza. Yawanci sabis ake zagi. Mu da sana'armu ita ce gina shafuka mun san raunin sabis tona asirin matsalar kawai yake yi. Tushenta shi ne ba a keɓe wa kowane abu gurbinsa ba tun kafin ya iso.

Abin yana da ma'auni. A 2020 kamfanin Google ya fito da awon da ake kira CLS, mai lissafa motsin da shafi ya yi ba da son mai karatu ba. Maki 0.1 zuwa ƙasa ya yi kyau, abin da ya haura 0.25 ya lalace. Sai dai awon ba ya kwatanta wannan shafi da wancan, kowanne daban yake dubawa. Don haka maki na iya fita da kyau alhali duk wanda ya tashi daga shafin farko zuwa cikin labari yana ganin komai ya goce gefe.

Wannan gocewar, a kwamfuta, sandar jan shafi ce ke jawo ta. A Windows sandar tana cin fiksel (ɗigon da ake auna fuskar na'ura da shi) 15 zuwa 17 a gefen dama. Dogon shafi yana da ita, gajere kamar na adireshin ofis ba shi da ita. Tunda rubutu a tsakiya yake zaune, shigarta da fitarta suna tura komai da rabin faɗinta, wato kusan fiksel 8. Wanda ya gwada aikinsa a waya kaɗai ba zai taɓa gani ba, domin a can sandar shawagi take a saman rubutu, ba ta cin wuri. Maganin layi ɗaya ne a CSS, wato umarnin da ke tsara kamannin shafi: a ba html umarnin scrollbar-gutter: stable, sai gurbin ya zauna ko da sanda ko babu. Chrome ya karɓi wannan umarni tun 2021, Firefox a 2022, Safari sai ƙarshen 2024. Wanda ke tausayin masu tsohuwar burauza, wato manhajar buɗe shafi, ya sa overflow-y: scroll.

Kan shafi ma a duba shi. Tambarin jarida da jerin sassa su fito daga fayil guda, da tsayi guda, a kowane shafi, kuma su zo tare da HTML ɗin, wato ainihin fayil ɗin shafin, kada a jira JavaScript, shirin da ke aiki a cikin burauza, ya dasa su daga baya. Akwai wani ƙaramin kuskure da ake yawan yi: a kaurara sunan sashen da mutum yake ciki. Kaurin harafi yana ƙara wa kalma faɗi, sai Siyasa ta ture Wasanni, Wasanni ta ture Kasuwanci. A bambanta shi da launi ko ja-layi, ya wadatar.

Hoto da talla su ne manyan masu laifi a waya. Burauza ba ta san girman hoto ba sai ya sauka, sai fa idan an gaya mata. A rubuta width da height a jikin kowane hoto, misali 1200 da 675, a haɗa da height: auto a CSS. Da wannan, wayar da faɗin fuskarta 360 ne za ta keɓe kusan fiksel 202 tun hoton yana hanya. Bidiyon da aka jawo daga YouTube a ba akwatinsa aspect-ratio: 16 / 9. Talla mai girman 300 da 250 kuwa a ba gurbinta min-height na 250, kuma idan ba ta zo ba kada a rufe gurbin, domin rufewar ma tsalle ce, sama kawai take yi maimakon ƙasa. Mun san masu kula da kuɗin shiga ba sa son ganin fili fayau a tsakiyar labari. A cike shi da sanarwar jaridar kanta. Haka jan layin nan na "da ɗumi-ɗumi" da ke faɗowa a sama bayan an fara karatu: ko ya zo tare da shafin, ko ya zauna a ƙasan fuska.

Inda muka fi son a tsaya shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, domin wannan matsalar ba za a same ta a shafin Turanci ba. Google Fonts, rumbun salon haruffa na Google, yana raba kowane salo gida-gida. Baƙaƙen boko na yau da kullum suna fayil ɗin latin, masu lanƙwasa kuwa suna ƙarƙashin latin-ext. Shafin Hausa ke nan fayil biyu yake jira a kowane kauri. Na farko ya sauka, layuka su sake jeruwa. Na biyu ya biyo baya, kalmomi irin su ƙasa da ɗaya su canja faɗi, layi ya sake karyewa. Mafi muni shi ne salon da babu haruffan a cikinsa kwata-kwata. Nan burauza takan aro su daga wani salo, shi ya sa ake ganin ƙ ta fita daban a tsakiyar kalma, wani lokaci har ta ɗaga tsayin layin. Kafin a zaɓi salo a rubuta haruffan takwas, manya da ƙanana, a gani da ido. Noto Sans yana da su, haka Andika da Charis SIL. A ajiye fayil ɗin a sabar jarida a tsarin WOFF2, a kira shi da wuri ta hanyar preload, a taƙaita ga kauri biyu, sannan a daidaita salon wucin gadi, wanda burauza ke nunawa kafin na ainihi ya sauka, da size-adjust domin musayar ta wuce ba a lura ba.

Sai maɓallin komawa baya. Burauza na iya adana shafin da aka bari ɗungurungum, ta mayar da mutum daidai inda ya tsaya. Umarnin JavaScript da ke sauraron unload, wato alamar barin shafi, yana iya hana wannan, sai a sake gina shafin daga tushe, mai karatu ya rasa wurinsa. A maye gurbin unload da pagehide.

Gwajin ba ya cin kuɗi. A buɗe Chrome a kwamfuta, a danna F12, a shiga Rendering a kunna Layout Shift Regions; duk abin da ya motsa zai haska da launi. A ɓangaren Network a rage gudun zuwa na 3G, a kunna Disable cache, domin a ofis mai intanet mai ƙarfi komai lafiya yake bayyana. Sannan a bi hanyar mai karatu: shafin farko, labari, baya, wani sashe, labari mai bidiyo. A gyara abu ɗaya, a sake bin hanyar, kafin a taɓa na gaba. Alƙaluman masu karatu na gaske da PageSpeed Insights, shafin awo na Google, ke nunawa na kwana 28 ne, saboda haka kada a ce gyara bai ci ba don maki bai sauka washegari ba.

Muna roƙon ka miƙa wannan takarda ga mai kula da shafinku, ya fara da hotuna da gurbin talla, haruffa su biyo baya.

Wassalam.

Daga wasu masu gina shafukan intanet, Kano