Akwatin kayan aikin Baba

Birmingham, Ingila

Zuwa ga Inna, da Yaya, da dukkan mutanen gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Inna, ya haƙuri, ya takaba? Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba mu haƙurin rashinsa. Na san muna waya kullum tun ranar da abin ya faru, amma da na ji muryarki sai maganar ta tsaya mini a maƙogwaro, in ɓige da tambayar ko kin ci abinci. Shi ya sa na zauna na rubuta. Auta, ke za ki karanta mata. Ki bari sai bayan la'asar in masu gaisuwa sun ragu, kuma kada ki yi sauri.

Lokacin da Yaya ya kira ni ina ramin gareji a ƙarƙashin bas, aikin dare bai ƙare ba. Ku kun idar da sallar asuba, mu nan da sauran duhu sosai. Kafin in wanke baƙin mai daga hannuna in kai ɗaki, har an fara haƙa kabari, kafin azahar kun kai shi makwancinsa. Haka addini ya tanada, kuma haka shi ma zai so, mutumin da bai taɓa yarda aikin yau ya kwana ba. Abin da yake ci mini rai shi ne alkawarin da na yi masa na zuwa Babbar Sallah, na ɗaga saboda ban samu hutu ba. Da na ba shi haƙuri cewa ya yi, "Tsaya ga aikinka, muna nan." Na ɗauka da gaske muna nan ɗin. Inna, ki yafe mini, ki kuma roƙa mini gafarar Allah.

Tun ranar, hannuwansa nake ta gani. Kin san su fiye da kowa: tafin kamar ƙirgi, ƙasan farce baƙi wanda sabulu ya gaji da shi, da tabon nan na babban yatsa inda fanka ta taɓa cinsa. Kafin kowace alwala sai ya durƙusa bakin rijiya ya cuɗa su da garin sabulu da yashi, ya ce ba ya zuwa gaban Ubangiji da giris. Da hannuwan nan ya ciyar da mu tara, har da 'ya'yan Kawu biyu da ya riƙe, ba mu taɓa jin an kira su da wani suna daban da namu ba.

Yaran gidan ba su san shi da kaki ba, sai hoton nan na falo da lambobin da yake maƙalawa a kan babbar riga kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya. Ina so su sani. Ya shiga soja a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, yana saurayi ɗan karen mota. Bayan horon kurata a Zariya aka lura hannunsa ya san ƙarfe, aka tura shi wajen masu gyaran motocin soja. Bedford da Land Rover, su ne ya kwana a ƙarƙashinsu har aka gama yaƙin a Janairun 1970. Ba ya son hirar yaƙi. In samarin gareji suka matsa masa sai ya ce a miƙo sifana. Sau ɗaya tak ya buɗe mini baki, wani dare da muke haɗa giyar wata akori-kura da fitilar ƙwai. Ya ce yana cikin runduna ta biyu, ta Murtala Muhammed, kuma a watan Maris na 1968 aka yi wa jerin motocinsu kwanton ɓauna a Abagana, kan hanyar Onitsha. Wuta ta kama tankar mai ta bi sauran motocin. Shi an bar shi a baya yana fama da wata da ta ƙi tashi, motar da ya yi ta jin haushinta, ita Allah ya sa ta zama sanadin tsirarsa. Ya ce motocin da suka ƙone ya san kowacce da ciwonta, kuma ya san direbobinsu da sunayen garuruwansu. Daga nan ya yi shiru, muka ci gaba da ɗaure noti.

Ban fahimci nauyin maganar ba sai da na girma na ga yadda yake zama da Inyamurai masu sayar da kayan gyara. Bai taɓa bari a faɗi baƙar magana a kansu a garejinsa ba. Yaya ya ce mini sun rufe shagunansu sun zo gaisuwa a ƙungiya, har babbansu ya yi hawaye. Ban yi mamaki ba.

Ya ajiye kaki a barikin Giginya na Sakkwato a 1988, shekarar da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu, da ita yake lissafi kullum. Fansho ba ya riƙe gida irin namu, sai ya kafa gareji a gindin dogon yaron nan, da akwati ɗaya da jak ɗaya. Lokacin Peugeot ne ke mulkin hanya, 504 da ake haɗawa a Kaduna da tsofaffin 404 masu jigilar Illela da Wurno. Direbobi suka riƙa cewa a kai wa Saje. In an kawo mota ba ya taɓa ta tukuna. Sai ya ce a tayar, ya ɗauko dogon sukudireban nan mai ƙotar itace, ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya kafa kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido. Ya matsa da shi gaba kaɗan, ya sake saurare. Can sai ya ɗago ya ce bawul ne, ko ringi ya ci. "Mota tana hwaɗin ciwonta," in ji shi, "mutum na ba ya saurare." Nan inda nake, kwamfuta ake jona wa bas ta nuna lamba, a cire abin da ya lalace a jefar a sa sabo. Aikin yana da kyau kuma ina girmama shi. Amma ranar da na sa kunne na ce wa shugabanmu famfon ruwan wata bas ya kusa tafiya alhali na'ura ba ta nuna komai ba, aka buɗe aka tarar haka ne, da ya tambaye ni makarantar da na yi, sai na ce gindin bishiya ce a Sakkwato.

Ya kan yi dariya in na ce masa nan ta hagu ake tuƙi. Ya ce ai su ma haka suka koya, sai ranar 2 ga Afrilun 1972 aka juya ƙasar gaba ɗaya zuwa dama, suka yi makonni suna gyaran motocin da suka yi karo. Da ya ji Solihull, inda ake ƙera Land Rover tun 1948, tana nan maƙwabtaka da ni, sai da ya sa na je bakin masana'antar na ɗauko masa hoto. Auta, yana cikin wayarsa, kada a goge.

Sai ambaliyar 2010, da Gulbin Rima ya cika ya karya hanyar jami'a ta Kwalkwalawa. Bayan ruwa ya janye, manoman fadama suka riƙa kawo injinan ban-ruwa a kan jakuna da amalanke, cike da laka, masu su sun fid da rai. Baba ya ce, "Wanga inji bai mutu ba, ruwa yas sha." Ya jera mu kamar fareti. Ni ke cire filogi in ja igiya har ruwan ciki ya fito, Yaya na wanke kafireto da fetur a kwanon sha, shi kuma yana juye baƙin mai, ya zuba sabo, ya tayar na ɗan lokaci, ya sake juyewa har sai man ya daina yin fari kamar kunu. Mun fi wata a haka. Bai karɓi kuɗin hannu ba, ya ce sai an cire albasa. Wasu sun biya, wasu buhu suka kawo, wasu har yau sunansu na cikin littafin nan mai baƙin bango. Kuma a cikin wannan hidimar bai fasa duba keken ɗinkinki ranar Juma'a ba, Inna, bai kuma taɓa gwangwanin kuɗin makarantar 'yan mata ba, wanda ya ce ko gareji zai rufe ba a buɗe shi.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Yaya, na ji ana shawarar sayar da kayan gareji a haɗa da gado. Ban ƙi ba, haƙƙin magada ne, kuma ba na so a ja rabon ya daɗe. A fara biyan bashin da ake binsa. Na san akwai na kayan gyara, na turo abin da nake ganin zai isa, in bai kai ba ka faɗa mini. Bashin da yake bin mutane kuwa, ni na yafe kasona, sauran kowa ya ga abin da zai iya, ba tilas.

Roƙona a kan koren akwatin ƙarfen nan ne. Kada a watsa shi a kasuwa, wannan ya ɗauki sifana wancan ya ɗauki filaya. A kira masu sanin kaya su yi masa kuɗi tsakani da Allah, a cire daga rabona. In ya zama nawa, a miƙa wa yaron nan na Kware da ya shekara takwas a hannun Baba, wanda kuka ce shi ya shiga kabari tare da kai. Ya ci gaba da aiki a gindin bishiyar, in Inna ta amince. Ya iya aiki, kayan ne ba shi da su. Ka gaya masa lokacin zafi ya riƙa lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu kamar yadda Baba ke yi, don ranar Afrilu tana mai da sifana garwashi.

Sukudireban mai ƙotar itace kaɗai za a cire. Inna, ki ajiye mini shi a ɗakinki. Na nemi hutu, in Allah ya yarda ina tafe kafin ki fita takaba, Yaya ya raka ni in ga kabarin.

A gaishe da Gwaggo da Kawu, da liman, da duk maƙwabtan da suka tsaya mana.

Wassalam,
Ɗanki na Ingila