Motar Kawuna Ba Ta Awon Ƙarfe Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu domin in yi magana a kan wani abu da ya same mu a gida, a unguwar Aboabo cikin Kumasi, wanda nake jin yana samun gidaje da dama a zangunanmu, wato yadda ake asarar haƙƙin magada idan mamaci ya bar tsohuwar mota kuma babu wanda ya san darajarta.

Bayan rasuwar kawuna, Allah ya jiƙansa, dangi suka ɗora mini nauyin sayar da motarsa domin a raba gado tsakanin matarsa da 'ya'yansa, waɗanda biyu daga cikinsu ba su gama makaranta ba. Marigayin yana cikin mutanen da suka tafi neman abinci Hamburg ta Jamus, irin waɗanda a nan ake kira boga, kuma da zai dawo gida sai ya sauke wannan mota ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Audi Quattro ce ƙirar 1982, ja, mai ƙofa biyu da fitilu huɗu a gaba, sitiyarinta a hagu, daidai da yadda muke tuƙi tun da Ghana ta koma hannun dama a 1974. A rumfar kwano ya ajiye ta, lulluɓe da tamfol. Kowace Juma'a idan ya dawo daga masallaci yakan tayar da ita ya zagaya, in ya dawo kuma ba ya kashe ta nan take, sai ya zauna a ciki da carbinsa inji yana aiki a hankali na kamar minti biyu. A aljihun gaban motar na tarar da wani ƙaramin littafi da ya rubuta ranar kowane juyen baƙin mai da adadin kilomita, shekara bayan shekara, da rubutunsa na ajami.

Wanda ya fara zuwa taya mai sayen tsohon ƙarfe ne. Ya ƙwanƙwasa jikinta da yatsa, ya ƙiyasta nauyinta, ya yi tayin da bai kai kuɗin sabon babur ba, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wasu daga cikin dangi sun so a sallama, domin a ganinsu motar da ta haura shekara arba'in kwaraɓaɓɓiya ce kawai mai cin fili a tsakar gida. Bayansa wani dillali ya zo da shawarar da ya ɗauka taimako ce, cewa a cire injin a sa na wata motar Japan da kayanta suka wadata a kasuwa, a yi mata sabon fenti, sannan a kai ta bakin titi.

Ban amsa wa kowa ba sai da na je Magazin ta Suame, matattarar makanikai a Kumasi, inda na nemi wani tsohon makaniki, ko fita kamar yadda muke cewa a nan, wanda ya daɗe yana aikin motocin Jamus. Da ya zo gida bai tambayi farashi ba. Ya buɗe bonet, ya ƙirga fulogi da yatsa har biyar, ya ce in tayar, ya sunkuya yana saurare. Sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, wa ya ce a taɓa injin nan?" Na ce, "Masta, dillali ne." Ya girgiza kai ya ce duk wanda ya cire shi ya cire kuɗin marayu.

Daga bayaninsa da abin da na bincika daga baya na fahimci abin da ke hannunmu. An fara nuna wannan mota a bajekolin motoci na Janiba a 1980, aka ci gaba da ƙera ta a Ingolstadt ta Jamus har 1991, kuma duk abin da aka ƙera a tsawon shekarun nan guda 11,452 ne. Injinta mai silinda biyar ne, lita 2.1, mai ƙarfin doki 200, kuma ƙafafunta huɗu duka suna ja, abin da a wancan zamani aka fi sani a motocin daji. Da irinta kamfanin ya ci gasar tseren rali ta duniya a 1982 da 1984, da ita Michèle Mouton ta zama mace ta farko da ta ci zagayen wannan gasa, a Sanremo a 1981, kuma a wancan zamani tseren yakan zo har maƙwabciyarmu Kwaddibuwa.

Sirrin ƙarfinta yana cikin turbo. Hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya wata ƙaramar farfela da gudu mai tsanani, ita kuma ta juya wata da ke danna iska cikin inji, iska mai yawa ta ba da damar ƙona mai da yawa, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Wannan farfela tana yin zafi ƙwarai, kuma baƙin mai ne ke kare ta. Idan aka kashe inji nan take bayan gudu, man ya daina zagayawa, ragowarsa ya ƙone a ciki ya toshe hanya, turbo ya lalace. A nan ne na gane dalilin zaman kawu da carbinsa, na kuma gane abin da ya sa turbonsa na asali yake aiki har yau.

Akwai kuma abin da ya kamata makanikanmu su ji, kuma ina faɗa da girmamawa, domin hannunsu ne ya riƙe motocin ƙasar nan a kan titi. An saba idan na'urar feshin mai ta tsohuwar motar Jamus ta fara gardama sai a cire ta a dasa kafireta. Ga motar haya wannan dabara ce ta rufin asiri. Ga mota irin wannan ɓarna ce, saboda masu neman irinta asali suke saye. A Jamus, motar da ta kai shekara 30 tana iya samun lamba ta musamman mai harafin H, ta motocin tarihi, amma da sharaɗin tana nan kusan yadda aka ƙera ta. Amurka kuma tana barin a shigo da motar da ta kai shekara 25 ba tare da ƙa'idojin sababbin motoci ba. Saboda haka fentin asali mai ɗan kwarzane ya fi sabon fenti daraja, lambar inji da ta shasi da suka dace da takardu kuwa sun fi komai.

Wani ɗan'uwa ya ba ni shawarar in ɓoye aibobinta, kuma ban yarda ba, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Na rubuta su a takarda ɗaya: rana ta tsaga allon gaban direba, tsatsa ta fara cin ƙasan ƙofar hagu, baƙin mai yana ɗan tsattsafowa, tayoyin sun tsufa ko da yake ba su suɗe ba, sannan bel ɗin taimin yana buƙatar canji kafin a yi doguwar tafiya. Duk wanda ya zo kallo ita nake fara miƙa masa, tare da littafin kawu da takardun kwastan. Na kuma nemi takardar kotu ta wakilcin gado, domin sai da ita za a iya sauya sunan mai mota a ofishin DVLA, hukumar rajistar motoci, ba tare da rigima ba.

Roƙona ga malamanmu masu rabon gado shi ne, kamar yadda ba a yi wa gida ko zinariya kuɗi sai an kira wanda ya san su, haka tsohuwar mota ma a kira masani kafin a sallama. Ba kowace tsohuwar mota ce mai daraja ba, mafi yawansu ƙarfe ne kawai, amma tambaya ba ta cin kuɗi mai yawa. Ku kuma, Edita, da za ku ba tsofaffin makanikan Suame da na Abossey Okai a Ankara fili su yi bayani da Hausa, da an amfana.

A zuciyata na fi so motar ta zauna a Ghana, a hannun wanda zai ci gaba da rubutu a littafin nan. Amma dukiyar ba tawa ba ce, kuma duk wanda ya biya abin da ya dace, na gida ko na waje, shi zan sallama wa. A yanzu tana nan a rumfarta, Masta ya yi odar bel ɗin, ni kuma ina tayar da ita kowace Juma'a bayan masallaci.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Aboabo, Kumasi.